Fargabar ɗalibai: cuta ce ko raki, kuma me zama da masani yake gyarawa?

Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato a manyan makarantun Sakkwato, maganar nan sai ta dawo. Za ka ji an ce wata ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar ɗakin jarrabawa, ƙawaye sun kewaye ta, wannan na yi mata fifita da littafi, waccan na tofa mata Ayatul Kursiyyu. Ko ka ji labarin ɗalibin da ya kwana uku bai runtsa ba, gabansa na faɗuwa ba dalili, ya koma kemis karo na uku cikin wata biyu an sake haɗa masa maganin maleriya da taifod. Kafin yamma gardama ta kaure a zaurukan WhatsApp. Wasu su ce iska ce. Wasu su ce raki ne irin na 'ya'yan yanzu, ai a da ma an yi karatu ba wanda ya suma. Can sai wani ya ce a kai shi ya ga masanin halayyar ɗan Adam, sai a yi masa ca: mutum ba lafiya, ka ce a je a yi hira?

Tambaya biyu ce a dunƙule a nan, kuma rashin raba su ne ke hana gardamar ƙarewa. Shin fargaba cuta ce ko hali? In kuwa cuta ce, ta yaya zama a ɗaki ana magana zai taɓa abin da mutum ke ji a ƙirjinsa da cikinsa?

## Wace damuwar ake nufi?

Rikicin daga baki ya fara. Kalmar "damuwa" a Hausa buhu ce da muke zuba komai a ciki. Wanda bai biya kuɗin rijista ba yana cikin damuwa. Wadda mahaifiyarta ta rasu tana cikin damuwa. Wanda zuciyarsa ta mutu, ya daina jin daɗin komai, ya shafe mako biyu a kwance ko wanka ba ya marmari, shi ma sai mu ce damuwa ce. Likitoci sun rarrabe su. Na ƙarshen nan shi ne ake kira ciwon damuwa, nauyi ne mai danne mutum ƙasa. Fargaba kuwa idonta na kan gobe. Zullumin abin da bai faru ba ne, zuciya na ta saƙa "in fa kaza, in fa kaza", jiki ya ɗaure kamar na mai jiran bulala. Sau da yawa su biyun kan haɗu a kan mutum ɗaya, shi ya sa ake cakuɗa su.

Ita kanta fargabar ba dukkanta ce cuta ba. Ɗalibin da gabansa bai faɗi ba ranar da aka kafa jadawalin jarrabawa, da wuya ya buɗe littafi. 'Yar kaɗan ɗin ce ke tada mutum karatun asuba. Tana zama cuta ne idan ta fi ƙarfin abin da ya jawo ta, ta ƙi tafiya bayan abin ya wuce, ta kuma fara cin barcin mutum da abincinsa da lakcarsa da zamansa da mutane. Akwai mai game komai: yau zullumin jarrabawa, gobe lafiyar Baba, jibi me aboki yake nufi da kalmar da ya faɗa. Ita wannan likitoci kan duba ko ta kai wata 6 tana addabar mutum a mafi yawan kwanaki. Akwai mai zuwa farat ɗaya kamar guguwa, zuciya na dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, tafin hannu ya yi sanyi, mutum ya sakankance ajali ne ya zo. Takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin kamar minti 10, sannan ta lafa. Akwai kuma ta shiga jama'a, wadda mai ita ya gwammace ya rasa maki 10 da ya miƙe gaban aji ya yi bayani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ɗayan waɗannan, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa. Ta fi kama mata, kuma takan fara tun yarinta ko lokacin balaga. Ke nan da yawa daga ɗaliban da take kayarwa a jami'a da ita suka zo daga gida, jami'ar fito da ita fili ta yi.

## Me ya sa ake jin ta a ƙirji da ciki?

Allah ya halicci jiki da ƙararrawar haɗari. In ka taka abu mai santsi cikin duhu ka zaci maciji ne, kafin ka yi tunani ƙwaƙwalwa ta riga ta aika saƙo, sinadarin adirinalin ya kwarara cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu don jini ya isa ƙafafu, numfashi ya yi sauri, narkar da abinci ta tsaya, baki ya bushe, gumi ya karyo. Duk shirin gudu ne ko faɗa. Mai ciwon fargaba ƙararrawarsa ce ke kaɗawa babu maciji. Kakanninmu sun lura da haka tun da daɗewa, da suka ce wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Shi ya sa ɗalibin ba ya zuwa asibiti ya ce "ina fargaba". Abin da zai ce shi ne ƙirjina na zafi, jiri nake ji, cikina na murɗawa, kamar wani abu na yawo a kaina. Kuma gaskiya yake faɗa, yana jin su. Sai a auna jini, yau a ce olsa, gobe a ce taifod, ana ta kashe kuɗin da babu su. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta bayani kan ɗaliban Najeriya masu kukan zafi ko motsi a ka, ido na dushewa in sun buɗe littafi, su karanta shafi guda su kasa riƙe komai. An san abin da sunan gajiyar ƙwaƙwalwa, kuma masana da dama a yau na ganin fargaba da damuwa ne suka fito da wannan kama. Na kawo wannan ne saboda masu cewa 'ya'yan yanzu suka ƙirƙiro abin. A shekarar da aka samu 'yancin kai, sa'annin kakanninsu na kuka da shi.

Sai dai ba kowane bugun zuciya ne fargaba ba. Ƙarancin jini, ciwon tayirod, asma, wasu cututtukan zuciya, har da yawan Nescafé da goro da lemukan ƙara kuzari a daren karatu, duk suna iya kwaikwayonta. Don haka da duba jiki ake farawa.

## Abin da ke hura wutar a makarantunmu

Gado na da nasa kaso, haka ma abin da yaro ya gani a gida ko a makarantar kwana. Amma wanda ya san zaman ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko jami'ar jiha, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ya san itacen da ake turawa cikin wutar.

Ɗauki yaron da ya taso daga ƙauye, shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. An sayar da rago ko buhun gero aka biya masa rijista. Duk hutun da ya je gida ana nuna shi, wasu har sun fara ce masa likita ko barista. A wurinsa kariyoba ɗaya fuskar mahaifinsa ce yake gani a jikin allon sakamako. Ga Turanci: ya yi sakandare inda malami ke fassara komai da Hausa, yau an ce ya miƙe gaban mutum ɗari biyu ya yi bayani, cikinsu har da waɗanda suka tashi da harshen a baki. In ya kira gida ya ce ba ya jin daɗi, amsar da zai samu ita ce, "Mi ka damunka? Kana ci kana sha, karatu kaɗai anka tura ka yi." Ba mugunta ba ce, uban bai taɓa ganin irin wannan ciwo da suna ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na fotokwafi da na abinci suka zama lissafin kullum. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya sauƙaƙa wa wasu. Ga kuma rashin tabbas: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8 cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Matashin da ya ga haka ya koyi cewa lissafin shekarunsa ba a hannunsa yake ba, kuma da irin wannan fargaba ke ƙiba.

Sai abin da ya keɓanci yankinmu. Ɗalibin da iyayensa ke Isa ko Sabon Birni ko Rabah ko Goronyo, ko can cikin Zamfara, da waya a hannu yake zaman lakca. Kira daga baƙuwar lamba kaɗai ya isa ya tsinka masa zuciya. Ba zan kira wannan tsoron cuta ba, domin macijin nan na gaske ne. Amma jikin da ya shekara ƙararrawarsa na kaɗawa yakan manta yadda ake kashe ta, ko a ranar da kowa ke lafiya.

Kada kuma a raina barci. A Afrilu da Mayu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, ɗaki a cushe, wuta ta ɗauke. Rashin barci na ƙara fargaba, ita kuma tana korar barci.

## "Da muguwar rawa gara ƙin tashi": yadda gudu ke ciyar da tsoro

Wanda bai gane wannan gaɓa ba ba zai gane aikin masani ba.

A ce ga ɗaliba 'yar aji biyu mai tsoron magana a cikin aji. Ranar da rukuninsu zai gabatar da aiki ta tashi da murɗar ciki, ta aika wa ƙawarta saƙo ta ce ba ta da lafiya. Tana tura saƙon ta ji sakayau, kamar an sauke mata dutse daga ka. To wannan sauƙin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwarta ta rubuta darasi: mun gudu, mun tsira. Ba ta samu damar ganin cewa da ta tsaya, muryarta rawar minti biyu za ta yi ta daidaita, kuma rabin ajin ma wayoyinsu suke latsawa ba. Karo na gaba tsoron ya fi na baya. Daga gudun gabatarwa sai gudun lakcar malamin da ke jefa tambaya, daga nan sai zaman kujerar baya, daga nan sai zaman hostal. A aji huɗu kuma ga kare kundin bincike na jiranta, inda ba a aika wakili.

Karin maganar ƙin tashi na da muhallinta, amma mai fargaba ya mayar da ita dokar rayuwa. Kuma gudun na zuwa da kamannin da ba a cika gane su ba. Ɗalibin da ke ɗage karatu har saura kwana biyu, domin buɗe littafin kansa na tada masa hankali, malalaci ake ce masa. Wanda ke maimaita shafi ɗaya sau goma don kar ya manta, ana yaba masa ƙwazo. Haka wadda ke kiran gida sau shida a rana ta ji ko lafiya, da wanda ba ya fita sai da ƙwaya a aljihu. Dukkansu sauƙin yau suke ci bashi, su biya gobe da riba.

Shi ya sa lallashi kaɗai ba ya wadatarwa. "Kwantar da hankalinki, ba komai" magana ce mai daɗi, kuma ana bukatarta. Amma tsoron da ƙwaƙwalwa ta koya a aikace, a aikace take kwance shi.

## Me ake yi a ɗakin masani?

Hanyar da aka fi gwadawa a kan fargaba ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake taƙaitawa da CBT. Wani likitan Amurka, Aaron Beck, na cikin waɗanda suka aza harsashinta a shekarun 1960. Tana da farko tana da ƙarshe: galibi zama 8 zuwa 20, sau ɗaya a mako, kowane zama kusan awa guda, kuma akwai aikin gida. Ta fi kama da koyon tuƙi fiye da hira, mai koyarwa na gefe amma sitiyarin na hannunka.

Zaman farko na tambayoyi ne. Yaushe ta fara, me ke tada ta, me kake yi in ta zo, ya barci, me kake sha. Wasu kan yi amfani da 'yar takarda mai tambaya 7 da ake kira GAD-7, wadda ke auna makonni biyun da suka wuce da maki daga 0 zuwa 21. Maki 10 zuwa sama alama ce ta a zurfafa bincike. Daga nan sai a zana wa mutum yadda ƙararrawar ke aiki. Ga wanda ya shafe watanni yana zaton zuciyarsa ce za ta tsaya, jin cewa an duba zuciyar lafiyarta ƙalau, kuma guguwar firgicin nan da kanta take lafawa, shi kaɗai kan sauke rabin kayan.

Sai littafin rubutu. Duk lokacin da gaba ya faɗi, a rubuta inda ake, abin da ya zo a rai, da ƙarfin tsoron daga 0 zuwa 10. A zama na gaba a baje shi. Misali masaniyar ta tambayi ɗalibar nan, "Da malam ya kira lambarki, me ya fara zuwa ranki?" Ta ce, "Zan kwafsa a Turanci, a yi mini dariya, in zama abin magana a hostal." Ta ce, "A wannan zangon ɗalibai nawa suka kwafsa a gabanki?" Ta ce, "Da yawa, Anti." Ta ce, "To faɗa mini uku, da abin da kowanne ya ce." Sai shiru. Ba ta tuna ko ɗaya ba. Ba wanda ya ce mata ta yi tunani mai daɗi. Abin da ake koya mata shi ne ta yi wa tunaninta abin da alƙali ke yi wa mai ƙara: ina shaidunka?

Amma gishirin aikin shi ne tsani. Su biyu za su jera abubuwan da take gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Matakin farko wataƙila ta karanta sakin layi da ƙarfi ita kaɗai a ɗaki. Na biyu a gaban ƙawa ɗaya. Na uku ta yi tambaya guda a ƙaramin rukunin bita. Can sama akwai miƙewa a babban zaure. Sharaɗin kowane mataki shi ne ta tsaya a cikinsa, kada ta gudu, ta maimaita shi har jikinta ya gane da kansa cewa ba abin da ya cinye ta. Mai guguwar firgici ma har sa shi ake ya hau bene da gudu da gangan, zuciyarsa ta buga, ya zauna ya saurare ta har ta lafa, domin ya daina tsoron bugun kansa. Mai zullumin komai kuma a kan keɓe masa lokaci, a ce minti 15 bayan la'asar, duk saƙar da ta zo kafin nan ya rubuta ta ya ajiye. In lokacin ya yi sai ya tace su: wanne ne ke da abin yi a yau, kamar zuwa ganin mai kula da ajinsu kan sakamakon da ya ɓace, wanne ne kuma babu abin yi a kansa sai barin wa Allah? Ana haɗawa da koyon numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, da gyaran lokacin barci, da motsa jiki.

Ba zan ɓoye ba, aikin na da ɗaci. Makonnin farko wani kan ji kamar abin ƙaruwa yake, domin an hana shi mafakarsa. Wasu na samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu sai an haɗa da magani, wasu kuma su daina zuwa a tsakiya. Abin da ya sa nake fifita wannan hanya ga ɗalibi shi ne dabarar na nan tare da shi bayan an sallame shi. Zai shiga hidimar ƙasa da ita, ya shiga ganawar neman aiki da ita.

Abin da aka faɗa a ɗakin amana ne. Ba a kai wa malami ko iyaye, sai in rai na cikin haɗari. Ɗalibar da ba ta sake da namiji ba tana da damar ta nemi mace, ko ta zo da wadda ta yarda da ita.

## Ƙwaya fa?

Akwai magungunan da likita ke rubutawa a sha kullum. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako 2 zuwa 6, kuma ba a yanke su farat ɗaya sai da shawarar likitan. Ga wanda fargabar ta kwantar har ba ya iya zuwa zaman ma, su ne ke ɗaga shi ya iya hawa tsanin.

Haɗarin na cikin masu aiki nan take, irin su Valium da Lexotan, da aboki kan miƙa wa aboki a daren jarrabawa. Suna kwantar da jiki cikin ɗan lokaci, suna dusashe riƙon karatu, kuma jiki na saurin sabawa da su. Daga nan hanyar tiramol da kodin ba nisa. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma dalilin da ke kai matashi gare shi bai tafi ba. Sau nawa muka la'anci ɗan ƙwaya ba mu tambayi me yake ƙoƙarin kashewa a ƙirjinsa ba?

## Addu'a, talauci, da sunan Kware

Masu adawa da zuwa wurin masani ba bakinsu ɗaya ba.

Na farko su ne masu cewa, "Wanga ba ciwon asibiti na ba," sai ruƙiyya da rubutu da zikiri. Ni ban ga inda hanyoyin biyu suka yi karo ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga zullumi da baƙin ciki a addu'ar da Bukhari ya ruwaito, kuma shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 miladiyya, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da wasiwasi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, har ya ba da shawarar mutum ya tanadi tunani nagari lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Shekara dubu ke nan kafin Beck. A nan garin ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci. Masani nagari a Sakkwato zai sa sallah da azkar cikin tsarin ranar ɗalibin ne. Inda nake ja da baya shi ne a ce wa yaro imaninsa ne ya yi rauni. An ƙara masa sabon abin zullumi ke nan, mafi nauyi kuwa. Haka ma dukan mai firgici da sunan fitar da aljani.

Na biyu su ne masu cewa yunwa ce da rashin kuɗi da rashin tsaro, a gyara ƙasa a ga ko fargaba za ta saura. Suna da gaskiya babba. Zama ashirin ba zai biya kuɗin rijista ba, ba zai dawo da wanda aka sace ba, kuma ɗalibar da wani malami ke matsa wa lamba adalci take bukata kafin dabarar numfashi. Masanin da ya ce wa mai jin yunwa tunaninsa ne ya karkace bai san aikinsa ba. Sai dai ɗalibai biyu kan kwana a ɗaki ɗaya da aljihu iri ɗaya, ɗaya ya shiga jarrabawa ɗaya ya kasa. Na biyun ba zai iya jiran a gyara ƙasa ba, zangon nan zai wuce shi.

Na uku ba sa ma gardama, tsoron suna kawai suke. A garin nan in an ce "sai Kware" kowa ya san me ake nufi. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kware ya zama abin zolaya a baki, alhali ana zuwa can a ga likita a koma gida a ranar, kamar kowane asibiti. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, domin uwa na tunanin ranar da dangin miji za su zo bincike. Wannan tsoro ne ke sa a ɓoye yarinya shekara biyu ana yawon kemis, har ta bar karatun.

## Masanan nawa ne, kuma ina suke?

Ko da kowa ya yarda gobe, hannun bai isa ba. Adadin da aka daɗe ana ambatawa shi ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma wasunsu na ficewa waje. A Sakkwato ƙwararrun na Kware ne da asibitin koyarwa na jami'a. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin sirri da hana nuna wariya. Amma doka ba ta zama da ɗalibi awa guda a mako.

Akwai darasi daga Zimbabuwe. A Harare likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su yi zama 6 da masu fama da abin da mutanen can ke kira "yawan tunani", kalmar da mu ma ita muke faɗa. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma na da tsarin zama 5 da wanda ba likita ba zai iya koya. Makarantunmu na da nas-nas a asibitin makaranta, da sashen ba da shawara, da malaman da suka karanta fannin, da ƙungiyoyin ɗalibai na addini da na garuruwa waɗanda ɗalibi ya fi yarda da su. A ganina su ya kamata a horar, ƙwararru na duba aikinsu, masu tsanani kuma a tura su gaba. Ɗakin kuma a sa shi inda mai shiga ba zai zama abin kallo ba, domin allon da aka kafa a ƙofa kaɗai na iya korar rabin masu bukata.

## Lokacin da ba a jira

Akwai alamun da ba a yi musu tsani ko littafin rubutu. Wanda ya fara zancen ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, wanda ya daina ci da sha, wanda ke jin muryoyi ko ya kwana da kwanaki ba barci yana sambatu, wanda ke haɗa ƙwayoyi, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Abokin ɗaki ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Ciwon ƙirji mai tsanani da suma kuma a fara ɗaukar su ciwon jiki har likita ya ce ba haka ba.

Wanda abinsa bai kai nan ba, asibitin makaranta ne ƙofar farko. Ya faɗa wa likita duka: bugun zuciyar da saƙar zucin da ke tare da shi, lakcocin da ya daina shiga, kofi nawa yake sha, da ƙwayar da aboki ya taɓa ba shi. In an ce jiki lafiya, ya nemi a tura shi wurin mai wannan aiki, ya kuma tambaya ko akwai tsari da adadin zama. Zama 8 mako 8 ne, don haka makonnin farko na zango ne lokacin farawa, tun kafin a kafa jadawalin jarrabawa.